Tambaya da Amsa: Kujerar da Ta Ƙi Buɗuwa a Wayar Kwastoma

Saƙonnin wannan watan sun karkata ne ga siffofin 3D, musamman waɗanda ake so a gani ta kyamarar waya tamkar suna tsakiyar ɗaki, wato AR, da waɗanda ake shiga cikinsu ta tabarau ɗin da ake ɗaurawa a fuska, wato VR. Na zaɓo biyar. Wasu na rage musu tsawo, masu su su yi mini afuwa.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni kafinta ne a Panteka, ina yin kujerun falo da gadajen amare. Na biya wani yaro ya zana mini saitin kujera a kwamfuta don masu saye su riƙa ganin ta a falonsu kafin su ba da kafin alƙalami. Ya turo mini fayil mai suna kujera.fbx. Duk wanda na tura wa ta WhatsApp sai ya ce ya ƙi buɗuwa. Yaron ya ce matsalar wayoyinsu ce. Cutata ya yi ko kuwa?
Daga wani kafinta, Panteka

AMSA: Wa alaikumus salam, Maigida. Cuta kam bai cuce ka ba, amma rabin aiki ya miƙa maka, kuma wayoyin bayin Allah ba su da laifi. FBX fayil ne na 'yan sana'a a tsakaninsu. Wani kamfani na Montreal a Kanada mai suna Kaydara ya ƙirƙiro shi a shekarun 1990, ya koma hannun Autodesk a 2006, kuma har gobe mallakarsu ne. Masu haɗa wasannin kwamfuta suna ji da shi saboda yana ɗaukar ƙasusuwan siffa da motsinta daga wannan manhaja zuwa waccan. Amma wayar Hajiyar da ke neman kujera a Unguwar Rimi ba ta san da zamansa ba, don ba domin ita aka yi shi ba.

Fayil biyu za ka ce ya ba ka. Na farko kujera.glb. GLB dunƙulallen nau'i ne na wani tsari da ake kira glTF, wanda Khronos Group ta fitar, wata ƙungiya ta kamfanonin fasaha da ke zama su amince a kan ƙa'ida ɗaya. Bugun farko ya fito a 2015, na biyu da kowa ke aiki da shi yanzu ya fito a 2017, sannan a 2022 hukumar ISO ta karɓe shi a matsayin ma'aunin duniya. Ba a biyan kuɗin lasisi, kuma takardar ƙa'idarsa tana intanet, kowa na iya karantawa. Ka lura da wutsiyar sunan. Idan .gltf ce, yawanci aikin a rabe yake: rubutun bayani daban, fayil ɗin .bin mai ɗauke da ƙirar daban, hotunan fenti da na yadin kujerar su ma a gefe. Ka tura ɗaya ka mance sauran, sai kujera ta fito fara fat, ko ta ƙi fitowa sam. GLB ya ɗure su duka wuri guda, shi ya sa shi ne na turawa.

Na biyu kujera.usdz, na masu iPhone da iPad. Tushensa USD ne, tsarin da Pixar, masu fina-finan katun na Amurka, suka gina don aikinsu, suka sake shi kyauta a 2016. A 2018 Apple suka haɗa kai da su aka fito da USDZ, wanda ba komai ba ne illa jakar zip da ba a matse ba, a cikinta siffar da hotunanta. iPhone na buɗe shi da kansa, ba sai an sauke wata manhaja ba: mutum ya taɓa fayil ɗin, ya nuna kyamara ƙasa, ya ɗan kaɗa wayar har ta gane daɓen ɗakin, sai ga kujera ta zauna a kan kafet.

A Android kuwa akwai ɗan ƙarin aiki, kuma nan ne mafi yawan masu sayenka suke. Ko GLB ɗin ka tura a WhatsApp, wayoyi da yawa ba su da abin buɗe shi kai tsaye. Hanyar da ta fi sauƙi ita ce a ɗora shi a shafin intanet, ka riƙa tura wa mutane adireshin shafin. Google suna da wani ɗan kayan aiki na kyauta mai suna model-viewer da ake sakawa a shafi: mai Android ya samu GLB, mai iPhone ya samu USDZ, duk daga adireshi ɗaya. Yaron naka in ya san aikinsa ba zai sha wahala da wannan ba. Sai dai ka sani ba kowace Android ce ke iya tsayar da abu a cikin ɗaki ba, sai wadda ke cikin jerin wayoyin da ARCore, wato manhajar AR ta Google, ke aiki a kansu, kuma ƙananan wayoyi masu araha da yawa ba sa ciki. Masu irin waɗannan za su ga kujerar su juya ta da yatsa, gaba da baya da ƙasa, amma ba za ta sauka a falonsu ba. Ko hakan ma ya fi hoton da aka ɗauka a bakin shago rana na dukan leda.

Kafin ka ba shi cikon kuɗinsa, ka yi wannan gwajin. Fito da kujerar gaske ƙofar shago, ka tsayar da ta wayar kusa da ita, ka duba hannu da hannu, baya da baya. Idan ta wayar ta fi tsawo ko da da taƙi ɗaya ne, a koma a gyara. Amarya da ta auna falonta da kujerar ƙarya, ranar jere kai za a zo nema, ba shi ba.

Abu na uku kuma, wanda kusan kowa ke mantawa: ka karɓi uwar aikin, wato fayil ɗin manhajar da ya yi zanen da ita, kamar .blend idan Blender ce, tare da hotunan fentin na asali. GLB da USDZ ɗinkakkun riguna ne, ana iya rage su kaɗan amma ba a sake musu yanka. Uwar aikin ita ce yadin. Ranar da ka so canza launin kushin ko ka ƙara wa kujerar mazauni ɗaya, in yaron ya tafi bautar ƙasa ya canza lamba, ita ce za ka miƙa wa wani ya ci gaba.

TAMBAYA: Yaya barka da aiki. Ni ɗalibar zanen gine-gine ce a Kaduna Polytechnic. Na zana gida mai ɗaki uku, na fitar da shi GLB don in nuna wa malamina a waya. Da na buɗe sai na ga ban ga komai ba, da na ja baya sosai sai ga gidan ya cika sama, kuma a kwance yake a kan bayansa. Tayil ɗin da gilashin tagar duk sun koma toka-toka. Ina kuskuren yake?
Daga wata ɗaliba, Tudun Wada

AMSA: Ƙanwata, matsala uku ce ta haɗe miki, kuma kowace da maganinta.

Girman da ya wuce hankali daga ma'auni yake. Ku masu zanen gini da milimita kuke aiki, ƙofa 2100 ce a wurinku. Shi kuwa glTF ƙa'idarsa ta yanke cewa kowace lamba mita ce. Idan manhajar da ta fitar da fayil ɗin ba ta juya lissafin ba, ƙofar ɗakinki ta zama mita 2100, sama da kilomita biyu. Ba ki ga komai ba da farko saboda kina tsaye ne a cikin kaurin bango. A USD abin ya ɗan bambanta: fayil ɗin da kansa yana faɗin ma'auninsa, in kuwa bai faɗa ba sai a ɗauka santimita ce. Shi ya sa abu kan ninka sau 100 ko ya ragu sau 100 in aka juya shi daga wannan tsari zuwa wancan cikin gaggawa. Dabarata ita ce in ajiye wani akwati mai mita ɗaya ta kowane ɓangare kusa da ginin kafin in fitar. In na buɗe a waya na ga akwatin ya kai mini ƙugu ko sama kaɗan, lissafi ya yi daidai, sai in goge shi.

Kwanciyar kuma rigima ce tsohuwa a kan ina ne sama. Blender da 3ds Max da manhajojin gini sun ɗauki layin Z a matsayin sama, domin mai zanen gini a kan takarda shimfiɗaɗɗiya yake fara tunani, tsawon bango daga baya yake zuwa. Maya da Unity da glTF sun ɗauki Y. Babu mai gaskiya a ciki, al'ada ce kawai. A Blender, wajen fitar da glTF akwai ɗan akwati da aka rubuta +Y Up, ki tabbata an yi masa alama.

Ta ukun ce ta fi cin lokaci. Marmara da gilashin da kike gani a manhajarki sau da yawa ba hoto ba ne, lissafi ne da injin haska wannan manhajar kaɗai ya iya karantawa. Da kin fita daga gidansa sai lissafin ya tsaya a baya. glTF ya san abubuwa ƙalilan ne game da fuskar kowane abu, kuma da gangan aka taƙaita su: launinsa, ko ƙarfe ne ko ba ƙarfe ba, yawan kaushinsa, ƙananan gurbi da tudun da ke jikinsa, inuwar lungunansa, da ko yana fitar da haske da kansa. Da waɗannan kowace waya za ta iya lissafa yadda haske zai faɗa a kansa. Saboda haka ki mayar da duk wani fenti na lissafi ya zama hoto na gaske, abin da a Blender aka rubuta Bake, ki haɗa hotunan da Principled BSDF, wato tsarin fentin Blender na asali, shi ne wanda mai fitarwar ke ganewa. Gilashi mai ratsa haske na gaske ƙari ne a kan ƙa'idar, ba kowace manhaja ke nuna shi ba. Ga taga, ki rage duhun fentin kawai ya zama ana gani ta ciki, ya wadatar.

Kada kuma ki sa ran waya ta ba ki irin hoton da kwamfuta ta kwashe mintoci tana haskawa. Waya tana sake zana ginin sau 30 zuwa 60 a daƙiƙa guda. Tabarau na VR yana yi sau 72 ko 90 ko fiye, kuma ido biyu yake yi wa. A sau 90, kowane hoto yana da kusan kashi 11 cikin dubu na daƙiƙa. In ya makara, mai sanye da tabarau sai jiri da tashin zuciya.

Idan malamin naki bayanan gini yake so, wato wannan bango ne, wannan ƙofa ce mai faɗi kaza, to fayil na tsarin IFC zai nema, wanda shi ma ma'aunin ISO ne. GLB kamanni kawai yake ɗauka, bai san bambancin bango da kati ba.

TAMBAYA: Malam, ina da injin buga kayan roba na 3D, kuma duk fayilolina STL ne. Zan iya amfani da su a AR?
Daga Kakuri

AMSA: Za ka iya, bayan an juya su. STL tun 1987 kamfanin 3D Systems ya fito da shi don injinan bugawa, kuma abin da ke cikinsa alwatika ne zalla, ƙananan kusurwa-uku da aka jera suka zama jikin abu. Babu launi, babu ma bayanin ko milimita ake nufi ko inci. Ka shigar da shi Blender, ka daidaita girman, ka shafa masa fenti, ka fitar GLB. Haka ma tsohon OBJ na kamfanin Wavefront: yana da launi a wani fayil na gefe mai wutsiyar .mtl, amma ba ya ɗaukar motsi.

TAMBAYA: Ni malamin tarihi ne a sakandare. Na yi amfani da manhajar waya na ɗauki tukunyar ƙasa da turmi ta kowane gefe suka zama 3D, burina nan gaba yara su ga irin kayan Nok a aji. Amma fayil ɗin tukunya ɗaya ya haura MB 200, yana cinye data, kuma wayoyin ɗalibai na ɗaukar zafi su rufe. Me zan yi?
Daga wani malami, Barnawa

AMSA: Allah ya saka da alheri, Malam. Wannan ita ce tambayar da ta fi faranta mini rai. Kayan Nok, wato tsofaffin mutum-mutumin yumɓu, daga nan jiharmu ta Kaduna aka fara tono su a 1928 wajen haƙar kuza, ga su a gidajen tarihi na ƙasashen waje, amma yaro a Barnawa sai ya gama sakandare bai taɓa ganin bayan kan mutum-mutumi ɗaya ba, sai hoton gaba a littafi. In ka kai ga na gidan tarihi, ka fara neman izini a rubuce daga hukumar da ke kula da shi kafin ka ɗaga waya.

Nauyin daga wuri biyu yake zuwa. Na farko yawan alwatika. Ɗauka da kyamara kan haifar da ɗaruruwan dubbai har miliyoyi, alhali shawarar Google ga abin da za a nuna a Android ita ce kada a wuce 100,000, kuma 30,000 zuwa 50,000 ya fi. Tukunya ba ta buƙatar ko kusa da haka. A Blender akwai Decimate da ke rage su. Zanen da maginiya ta yi a wuyan tukunyar ba zai ɓace ba idan aka kwashe shi daga mai nauyin aka mayar da shi hoton gurbi da tudu a kan mara nauyin.

Na biyu, wanda shi ke kashe wayoyin, hotunan da aka lulluɓe siffar da su. Ga lissafin. Hoto mai 4096 a tsaye 4096 a kwance, a matsayin JPEG wataƙila 'yan MB kaɗan ne. Amma kafin waya ta shafa shi a jikin tukunya sai ta warware shi gaba ɗaya, kowane ɗigo ya ci bait 4, jimla MB 64 a ƙwaƙwalwar wayar, kafin a ƙara ƙananan kwafinsa da ake amfani da su in abu ya yi nisa. Siffa ɗaya kan zo da irin wannan hoton uku ko huɗu. Ka rage shi zuwa 2048, ya koma MB 16. Ka kai shi 1024, ya koma 4. A fuskar waya da wuya yaro ya ga bambanci.

Bayan haka akwai matsi iri biyu da glTF ke karɓa. Draco na Google yana matse alwatikan don saukewa ta yi sauri. KTX2 kuma yana barin hotunan a matse har cikin ƙwaƙwalwar na'urar, shi ne maganin zafin. Ka gwada a manhajar da yaran za su buɗe da ita, don ba duka ke karanta su ba. Ka sa burinka kowace siffa ta dawo ƙasa da MB 10.

Wajen ɗaukar kuma, ka guji rana tsaka, domin inuwar da ta faɗa a jikin turmin za ta manne a hoton har abada, duk inda aka juya shi da ita zai juya. Safiyar hunturu mai hazo ta fi kowane lokaci, haske a baje yake ba inuwa. Tukunyar ƙasa da turmi suna ɗaukuwa da kyau saboda kaushinsu. Kwanon silba da tangaran masu ƙyalli kuwa za su ba ka ciwon kai. Hotunan asali da siffar mai nauyi kada ka goge su, ka ajiye a wuri biyu.

TAMBAYA: Na karanta cewa USD zai kashe glTF, wasu kuma na cewa OpenXR ne zai maye gurbinsu duka. Wanne zan koya kada in ɓata lokacina?
Daga wani matashi, Kawo

AMSA: Ɗan'uwa, fara cire OpenXR daga cikin lissafin, don ba fayil ba ne. Ƙa'ida ce da Khronos ta fitar a 2019 kan yadda manhaja za ta yi magana da tabarau: ina kai ya juya, ina hannu yake. WebXR shi ma haka yake, amma a cikin burauza. Su hanya ce, siffar da za a nuna kuwa dole ta zo a wani fayil.

Su biyun da suka rage ba aiki ɗaya aka yi su domin shi ba. Ƙarfin USD shi ne shimfiɗa a kan shimfiɗa. Wani na gyara gini, wani na kan fitilu, wani na jera kujeru, kowa a nasa fayil, a haɗa su ba tare da wani ya taka aikin wani ba, kuma kujera ɗaya tana iya ɗaukar launi biyar a zaɓi wanda ake so. Shi ya sa a Agustan 2023 Pixar da Adobe da Apple da Autodesk da NVIDIA suka kafa Alliance for OpenUSD don rubuta masa tsayayyar ƙa'ida, kuma tabarau ɗin Apple, Vision Pro, da ya fito a 2024 a kansa ya dogara. glTF kuwa an jera bayanansa ne kusan yadda na'urar zane ta waya ke son karɓa, don a sauke a nuna nan take. Tun 2022 mutanen ɓangarorin biyu suke zama a Metaverse Standards Forum kan yadda abu zai ƙetara daga wannan zuwa wancan bai lalace ba.

Ni dai ba na saurin gaskata duk wanda ya ce tsari kaza ya gama da kowa. A 1994 Mark Pesce da Tony Parisi suka gabatar da VRML, aka ce da shi intanet za ta koma 3D. Ya samu tambarin ISO a 1997, X3D ya gaje shi, yau kuwa da wuya ka samu matashin da ya taɓa jin sunansa. Shi Parisi ɗin yana cikin waɗanda suka rubuta glTF na farko. Amma fayil ɗin VRML na wancan zamani har yanzu ana iya buɗe shi, saboda an wallafa ƙa'idarsa kowa ya gani. Wannan ne dalilin da ya sa ba na barin aikin kwastoma a tsarin da kamfani ɗaya ke riƙe da makullinsa kawai.

A kasuwarmu ta nan, inda mai saye ke riƙe da Android yana ƙirga data, glTF ne zai fara kawo maka kuɗi. Ka sauke Blender, kyauta ce, ka zana abu ɗaya na gidanku da ma'auninsa na gaskiya, ka fitar da shi GLB ƙasa da MB 10, ka fitar da USDZ, ka buɗe su a wayoyi mabambanta har sai sun fito iri ɗaya. USD mai shimfiɗu ka bar shi sai ranar da kuka kai mutum uku a kan aiki guda.